Kafin a sayar da amfanin gona a sayi tsohuwar bas mai shan gas

Duk shekara idan kaka ta yi a yankin Funtua da Malumfashi, aka sheƙe masara da dawa da waken suya, akwai shawarar da ke yawo a majalisu da bakin kasuwa: a fitar da buhuna a sayar, a sayi bas a sa a layi, ta riƙa kawo kuɗin cefane har wata damina. Manomi mai ɗan hali na yin wannan tunani, haka ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama bayan ritaya, haka matashin da 'yan uwa suka haɗa wa jari. Tun da aka cire tallafin fetur kuma, shawarar ta samu ƙarin wutsiya: wai a nemi mai shan dizal, wadda direbobi ke kira mai shan gas, domin ba ta da shan mai.

Shawarar na da hujja, musamman a gari irin Dayi. Garin na kan mahaɗar hanyar da ta taso daga Funtua ta bi Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina, da wadda ta ɓalle gabas ta bi Gwarzo ta shiga Kano ta Rijiyar Zaki da Kabuga. Fasinja ba ya yankewa, kayan gona ma haka. To amma tsohuwar bas mai shan gas tana iya zama arziki, tana kuma iya cinye gona. Abin da ke raba biyun lissafi ne da bincike, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a lokacin ciniki.

Shin gas ya fi fetur sauƙi?

Gaskiya ne injin dizal ya fi na fetur tsimin mai. A kan tafiya iri ɗaya da kaya iri ɗaya, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yana kuma da ƙarfin jan kaya, shi ya sa tireloli da tankoki da taraktoci duk shi suke sha. Sai dai direba ba lita yake kai wa mai mota da yamma ba, naira yake kaiwa.

A ɗauki misali. A ce bas za ta yi tafiyar kilomita 200, zuwa da dawowa. A ce mai fetur ta sha lita 24, mai gas ta sha lita 18. Idan fetur na naira 900, gas na naira 1,200, kowacce ta ƙone naira 21,600 ke nan. Ba a samu rarar ko kwabo ba. Ma'ana, muddin kuɗin litar gas ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku, tsimin man ya tashi a banza. Wannan ne ma'aunin farko da ya kamata mai saye ya riƙe, ya je gidan mai a Malumfashi ko Funtua ya duba allon farashi da idonsa, ya kuma tambayi yadda farashin biyun ya kasance a watanni shidan da suka wuce.

Tarihin farashin ma abin dubawa ne. Gwamnati ta daɗe da zare hannunta daga farashin dizal, tun shekaru da dama kafin ta taɓa na fetur. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, litar da ake saya wajen naira 300 ta doshi naira 800 cikin 'yan watanni, alhali fetur na ƙasa da naira 200 saboda tallafi. A wancan lokacin masu bas mai shan gas sun ji jiki, domin fasinja ba ya ƙara kuɗin mota don injin ya bambanta. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya haura naira 500, ya kuma tsallake naira 1,000 a ƙarshen 2024, sai tazarar ta ragu. Shigowar dizal ɗin matatar Dangote kasuwa a 2024 ta ƙara sauko da farashinsa. Duk wannan sauyi ya faru ne cikin shekara uku kacal, ita kuwa bas ana sayenta ne da fatan ta yi shekara biyar ko fiye tana aiki. Wanda ya gina lissafinsa a kan farashin mako guda ya gina a kan yashi.

Me ya sa Turawa ke rabuwa da su?

Yawancin bas-bas ɗin da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam sun gama aikinsu ne a Turai kafin a loda su a jirgin ruwa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Rahoton ya yi ƙorafin cewa da yawa daga cikinsu sun tsufa, wasu ma ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi a ƙasar da suka fito.

Turai na juya wa dizal baya tun bayan badaƙalar kamfanin Volkswagen ta 2015, lokacin da aka gano ya yi maguɗi a gwajin hayaƙi. Birnin Hamburg na Jamus ya fara hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna a 2018, Landan kuma ta sa musu harajin shiga tsakiyar gari a 2019, ta faɗaɗa shi zuwa dukkan birnin a 2023. Motar da ta zama kaya a can ita ce ake wankewa a shafe ta da mai a kawo nan.

Matsalar ta fi yawa a motocin da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau. Injinsu na aiki da kwamfuta, nozul ɗinsu na fesa mai da matsi mai tsanani, a salansarsu kuma akwai matatar da ke kama toka. Na baya-bayan nan har wani ruwa na musamman ake zuba musu mai suna AdBlue. An tsara su ne don dizal ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfur ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Switzerland ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke turo wa Afirka ta Yamma dizal mai sulfur da ya ninka na Turai sau ɗaruruwa. Daga baya ECOWAS ta amince da ƙa'idar kashi 50 cikin miliyan, amma ƙa'ida a takarda daban, abin da ke fitowa daga famfon gidan mai a ƙauye daban. Ga kuma masu gauraya shi da kananzir, ga na haramtattun matatun Neja Delta, ga ruwan da ke taruwa a tsofaffin tankunan ƙasa. Irin wannan mai kan toshe matatar salansa, ya lalata nozul da famfon mai, gyaransu kuwa na iya cinye ribar watanni.

Bakanike kafin mota

Tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce: wa zai gyara ta? Toyota Hayis, har da wadda ake kira Homa, ta mamaye tashoshin Arewa ne saboda kowane garejin bakin titi ya san cikinta, kayan gyaranta kuma na nan birjik a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ko a cikin Hayis ɗin ma akwai bambanci. Tsohon injin gas mai lamba 5L ba shi da tobo, ba shi da tarkacen lantarki da yawa, yana kuma jure wahala. Mai lamba 2KD ya fi shi ƙarfi da gudu, amma yana son mai mai tsabta da bakaniken da ke da na'urar duba kwamfuta. Su kuwa irin su Mercedes Sprinter da Ford Transit, motoci ne masu kyau a inda aka san su, sai dai idan ɗaya ta mutu tsakanin Dayi da Gwarzo, sau da yawa sai an ja ta zuwa Kano, a zauna jiran kaya daga Ladipo ta Legas.

Ranar da mota ta kwana a gareji hasara biyu ce: kuɗin gyara na fita, balas ba ya shigowa. Saboda haka kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin masu gyaran injin gas na Funtua da Malumfashi, waɗanda suka saba da manyan motoci da taraktoci, a tambaye su injin da suka iya da wanda suke gudu. Amsarsu ta fi duk wani kirarin dillali.

Ba a cinikin biri a sama

Yanzu ana yawan kammala ciniki ta WhatsApp. A turo bidiyon mota tana sheƙi, a tura kuɗi, a jira direba ya kawo ta daga Legas. Wannan ganganci ne. Dole mai saye ya je da kansa ko ya tura wanda ya amince da shi, tare da bakaniken da shi zai biya, wanda ba ya cin la'ada a wurin mai sayarwa.

A tayar da injin da sassafe yana sanyi, domin injin gas da ya gaji yakan ɓoye aibinsa idan ya ɗumama. A duba hayaƙi: shuɗi na nuna yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa na nuna matsalar nozul ko gasket, baƙi ƙirin kuma na iya zama tobo ko toshewar matatar iska. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki, idan yana huci da ƙarfi to ciki ya ci. A leƙa lagireto ko akwai maiƙo a ruwan. A shiga ƙarƙashi a duba tsatsa da walda, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara na cin ƙarfe daga ƙasa. Sannan a loda mata nauyi a hau gangare da ita. Lambar kilomitar da ke gaban direba kuwa ba abin dogaro ba ce, mayar da ita baya ba ya ɗaukar sa'a guda.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi rai kai tsaye. Na farko juyen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka wasu motocin Japan da Ingila ake juya musu sitiyari a garejin da babu mai sa ido. Idan aikin bai yi kyau ba, sitiyari ko birki na iya saki ana tsakiyar gudu. Na biyu, da yawan bas-bas ɗin nan motocin ɗaukar kaya ne tun asali. A nan ake yanka musu tagogi, a walda benci, a cusa layin kujeru fiye da ƙima. Kujerar da aka ɗaure da ƙusa huɗu a kan falle ɗaya na ƙarfe takan tumɓuke a hatsari, ta haɗa fasinjoji wuri guda. Taya ma haka: lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta na nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara huɗu ta tashi daga aiki, ko da zanenta bai goge ba.

Takardu

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa. Duk da haka motocin fasa-ƙwauri ba su daina shigowa ba, kuma Katsina jihar kan iyaka ce, jami'an kwastan na kan hanyoyinta dare da rana. Motar da aka ga araharta ta yi yawa, sau tari dutinta ne ba a biya ba ko aka biya rabi. Ko da ta yi shekaru a hannun mutane tana da lamba, ana iya kama ta. Wa'adin kwana 90 da Hukumar Kwastan ta bayar a Maris na 2024 domin masu irin waɗannan motoci su je su gyara takardunsu ya isa shaida kan yawansu.

Mai saye ya kai takardun duti ofishin kwastan a tantance kafin ya biya, ya kuma tabbatar lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke rubuce. Idan motar ta yi aiki a Najeriya, a bincika wurin 'yan sanda ko ta sata ce, a yi takardar canjin mallaka da shaidu. Bayan haka akwai lasin, da takardar lafiyar mota ta VIO, da na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017, da rajistar layi a ƙungiyar NURTW. A sani kuma inshorar da aka fi yanka, ta ɓangare na uku, wanda aka yi wa ɓarna take biya. Idan bas ɗin ta ƙone ko aka sace ta, mai ita ba ya samun komai.

Hanya da lokaci

Lissafin balas da ake yi a baki yakan ɗauka mota za ta yi aiki kullum, cike da fasinja zuwa da dawowa. Ba haka abin yake ba a yankin noma. Da kaka ana rububin mota, kuɗi na hannun mutane, ana biki, ana cin kasuwannin hatsi irin ta Dandume. Da damina kuwa kowa na gona, kuɗi sun tafi taki, mota na iya yin rabin yini a tasha tana jiran layi. Ga kamasho, ga kuɗin ƙungiya, ga na shingayen hanya, ga tarar KASSAROTA a Katsina da KAROTA a Kano idan aka yi lodi fiye da ƙima.

Sai matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Dandume, har da sassan Malumfashi, sun rage tafiyar dare da ta asuba, wato sa'o'in da a da direba ke ƙara sawu ɗaya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da wasu harkokin kasuwanni, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Duk wanda ya ci bashi ya sayi mota a wancan lokacin ya san bashi ba ya jiran a buɗe hanya.

Bashin ma abin tsoro ne. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Faɗuwar naira daga wajen 460 a dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ta ninka kuɗin mota da na duti da na kayan gyara gaba ɗaya. Tsarin biya kaɗan-kaɗan da ake yi tsakanin mai mota da direba shi ma yakan ƙare a gaban mai unguwa ko kotu, saboda ba a rubuta wanda zai ɗauki nauyin babban gyara ba. Direban da aka ɗora wa balas mai nauyi kuwa gudu zai yi, ya yi lodi, ya tsallake juyen baƙin mai, kuma injin gas ba ya yafe wannan.

Inda mai shan gas ke da riba

Duk da haka, akwai wurin da bas mai shan gas ta fi dacewa. Idan doguwar tafiya za ta riƙa yi, kamar Funtua zuwa Abuja ko zuwa Kudu, ko kuma za ta haɗa fasinja da buhuna, tsimin manta da ƙarfinta na fitowa fili. Idan injin mai sauƙi ne, akwai bakanike a kusa, akwai gidan man da aka yarda da shi, kuma mai motar shi ne direba ko ɗansa ne, to ana iya cin riba. A gajeren zango kuwa, na tsaya-ɗauki tsaya-sauke tsakanin Dayi da Malumfashi, da wuya ta fi mai fetur.

Akwai kuma batun iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023. Injin fetur ake juyawa cikin sauƙi ya koma amfani da ita. Na dizal aikinsa ya fi wuya da tsada. Tashoshin CNG ba su wadata a wannan yanki ba tukuna, amma idan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ya fara kawo iskar, mai bas ɗin fetur na da ƙofar da zai bi, mai ta dizal kuwa zai tsaya kallo.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai saye, ƙa'ida ɗaya ta fi sauran: kada kuɗin mota ya cinye jarin duka. Wanda ba zai iya ware kuɗin tayoyi sababbi da babban sabis da gyaran ba-zata bayan ya biya mota ba, bai kai sayen mota ba tukuna. Kada kuma a sayar da gona. Gona na nan bayan shekara ashirin, bas kuwa kullum raguwa take yi. Gara mutum uku su haɗa kuɗi su sayi mai lafiya da rubutacciyar yarjejeniya, da mutum ɗaya ya sayi gajiyayya shi kaɗai.

Rassan NURTW na Funtua da Malumfashi na da rawar takawa. Su ne suka san injin da ke mutuwa da wanda ke jurewa, da gidajen man da ke gauraye. Za su iya hana rajistar layi ga motar da aka yi wa juyen sitiyari na banza ko aka cusa wa kujeru, su kuma samar da takardar yarjejeniya guda da mai mota da direba za su riƙa sa wa hannu.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta samar da wurin gwajin mota mai na'urori a shiyyar Funtua, inda mai saye zai biya kuɗi kaɗan a duba masa inji da birki da shasi kafin ya biya dillali, ta kuma sa koyar da gyaran injin dizal na zamani a cibiyoyin koyon sana'a. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin ingancin mai, ta riƙa ɗibar samfurin dizal a gidajen man ƙauyuka, ta bayyana sunan duk wanda aka kama. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su duba tsarin murabaha ko ijara ga ƙungiyoyin direbobi, da biyan da zai yi la'akari da kaka da damina.

A ƙarshe, abin da ke cikin bas ɗin nan rayuka ne: mata masu zuwa asibiti Kano, ɗalibai, 'yan kasuwa. Kuɗin da aka zuba kuma gumin damina guda ne ko fiye. Duk wanda zai fitar da buhunansa bana saboda mota, ya fara da biro da takarda da bakanike, dillali ya zo daga baya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.